Mahaƙiyar Ganyen Lemo da Abokan Gabarta

Idan akwai bishiyar lemo a gidanku ko a harabar makarantarku, ku je ku tsaya a gindinta, ku dubi ganyen da bai daɗe da tohowa ba. Mai yiwuwa ne ku ga wani farin zane mai ƙyalli ya bi ta kan ganyen, ya karkata nan, ya lanƙwasa can, kamar rubutun yaron da ya fara koyon riƙe alƙalami. Wannan zane sawun wata 'yar tsutsa ne da take zaune a cikin ganyen, a ƙarƙashin fatarsa. Tana ci tana yin gaba, tana barin hanya a bayanta, kamar yadda mai haƙar ma'adinai yake yin rami a ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka za mu kira ta mahaƙiyar ganye a wannan darasi.

Lemo dukiya ce babba a Nijeriya. Ana noma shi da yawa a jihar Binuwai, haka kuma a jihohin Nasarawa, Kogi, Oyo da Osun. Daga can manyan motoci suke ɗaukarsa zuwa kasuwannin Arewa, irin su Kasuwar 'Yan Lemo ta Kano. Manomi da direba da dillali da mai feraye lemo a bakin titi, duk suna cin abinci daga wannan bishiya. Don haka duk abin da ya taɓa lafiyar bishiyar ya taɓa aljihun mutane masu yawa.

Asalinta da yaɗuwarta

Masana kimiyya suna kiran wannan ƙwaro Phyllocnistis citrella. Asalinsa daga nahiyar Asiya ne, inda lemo kansa ya samo asali. Wani masanin ƙwari ɗan Ingila mai suna Henry Stainton ne ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1856, daga samfurin da aka samo a Indiya. Ya daɗe yana zaune a Asiya da Ostireliya da wasu sassan Afirka. Amma a shekarun 1990 sai ya bazu da saurin da ya ba manoma tsoro. A 1993 aka gan shi a jihar Filorida ta Amurka, cikin 'yan watanni ya mamaye gonakin lemon jihar. A wannan shekarar ya shiga Sifen, ya bi sauran ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum. Ya isa Barazil a 1996, ya isa Kalifoniya a 2000. A yau da wuya a sami ƙasar da ake noman lemo wadda ba ya cikinta.

Yaya ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya ƙetare teku? Iska tana ɗaukarsa daga gona zuwa gona. Amma babbar hanyar tafiyarsa ita ce dashen lemo da mutane suke ɗauka daga wannan wuri zuwa wancan, tsutsa tana ɓoye a cikin ganyensa.

Yadda take rayuwa

Rayuwar wannan ƙwaro tana da mataki huɗu: ƙwai, tsutsa, kwanci, da babban ƙwaro mai tashi.

Uwar tsutsar 'yar ƙaramar malam-buɗe-littafi ce ta dare. Tsawon jikinta bai wuce milimita 2 ba, idan kuma ta buɗe fukafukanta faɗinsu kimanin milimita 4 ne. Launinta fari ne mai ƙyallin azurfa, da ɗigon baƙi a ƙarshen kowane fiffike na gaba. Da rana takan ɓuya a cikin ganyaye. Idan magariba ta yi sai ta fito, ta nemi sabon toho mai taushi, ta saka ƙwai ɗaya-ɗaya, galibi a bayan ganye kusa da jijiyar tsakiya. Mace guda takan saka ƙwai kimanin 50 a 'yan kwanakin rayuwarta.

Ƙwan yakan ƙyanƙyashe tsakanin kwana 2 zuwa 10. Da zarar tsutsar ta fito, sai ta huda fatar ganyen ta shige. Daga nan ba ta sake fitowa fili. Tana yanka ƙwayoyin da ke ƙarƙashin fatar ganyen tana shan ruwansu. Iska takan shiga wurin da ta ɓanɓare, shi ya sa hanyarta take ƙyalli. Idan kuka lura da kyau, za ku ga wani siririn layi a tsakiyar hanyar. Wannan kashinta ne. Za ku kuma ga hanyar ta fara siririya, tana ƙara faɗi yayin da tsutsar take ƙara girma, har ta kai tsawon milimita 3.

Idan ta gama ci, sai ta nufi bakin ganye, ta saƙa zare, ta naɗo bakin ganyen ya rufe ta. A nan take yin kwanci, jikinta yana sauya siffa, har ta fito da fukafukai. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro yakan ɗauki mako 2 idan ana zafi, ya kai mako 7 idan ana sanyi. Wannan ne ya sa a ƙasashe masu zafi, irin su Indiya, ake samun zuriya fiye da 10 a shekara guda.

Ku riƙe wannan batu, domin shi ne mabuɗin darasin: mahaƙiya ba ta iya rayuwa sai a ɗanyen ganye. Idan ganye ya ƙosa ya yi tauri, ya fi ƙarfinta.

Ɓarnar da take yi

Ganyen da mahaƙiya ta bi yakan nannaɗe, ya murɗe, wani lokaci ya bushe ya faɗi. Ganye kuwa shi ne madafar bishiya, a nan take haɗa abincinta da hasken rana. To, amma ɓarnar ba ɗaya ba ce ga kowace bishiya. Babbar bishiya wadda ta haura shekara 4 tana da dubban tsofaffin ganyaye da suke ciyar da ita. Ko da sabon tohonta ya yi muni a ido, yawanci 'ya'yanta ba sa raguwa sosai. Wanda yake shan wahala shi ne ƙaramin dashe, musamman a wurin reno, da wanda aka yi wa aure bai daɗe ba. Kusan duk ganyensa sabo ne. Idan mahaƙiya ta kama shi sai ya tsumbure, ya makara wajen fara 'ya'ya, mai reno kuma ya rasa mai saye.

Akwai ɓarna ta biyu wadda ta fi ta farko haɗari. Raunin da tsutsar take yi wa ganye ƙofa ce ga wata ƙwayar cuta da take haddasa ƙuraje masu kaushi a ganye da reshe da 'ya'yan lemo. Ana kiran cutar kanka. Tana cikin Asiya da Kudancin Amurka da Filorida, an kuma same ta a ƙasashen Afirka ta Yamma kamar Mali da Burkina Faso. Inda cutar take, mahaƙiya tana ƙara mata ƙarfi. Hausawa sun ce komai ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.

Mahaƙiyar lemo tana da 'yan'uwa a wasu amfanin gona. Wataƙila kun ji labarin tsutsar tumatir, Tuta absoluta, wadda ta lalata gonakin tumatir a Arewacin Nijeriya a 2016, har tumatir ya yi tsada a duk faɗin ƙasar. Ita ma a cikin ganye take haƙa.

Me ya sa feshi kaɗai ba ya isa?

Idan manomi ya ga ganye ya lalace, abin da yakan fara zuwa zuciyarsa shi ne ya sayo maganin ƙwari. Amma ku yi tunani. Tsutsar tana cikin ɗaki, fatar ganye ta zame mata rufi. Yawancin maganin da aka fesa yana tsayawa ne a kan rufin. Waɗanda suke yawo a fili a kan ganye, su ne ƙwarin da suke farautarta, su maganin yake fara kashewa. Bayan kwana kaɗan bishiya ta fitar da wani sabon toho wanda magani bai taɓa ba, mahaƙiya ta dawo, ba kuma mai tare ta. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Akwai kuma manoman da ba sa amfani da irin wannan magani sam. Su ne masu noma marar sinadari, wanda ake kira noman oganik. Ba sa zuba takin zamani, ba sa fesa magungunan da aka haɗa a masana'anta, sai 'yan abubuwan da doka ta amince da su. A dokokin Tarayyar Turai, sai gonar itatuwa ta yi shekara 3 a kan wannan tsari kafin a karɓi 'ya'yanta da wannan suna. Irin wannan manomi dole ne ya san abokan gabar mahaƙiya, domin su ne ma'aikatansa.

Abokan gaba na farko: mafarauta

Mafarauta su ne ƙwarin da suke kama tsutsa su cinye nan take. Daga cikinsu akwai gizo-gizo masu yawon dare a kan ganye. Akwai tsutsar wani koren ƙwaro mai fukafukai kamar raga, wadda take soka baki ta fatar ganye ta tsotse mahaƙiya. Akwai kuma tururuwa iri-iri, waɗanda suke yage rufin hanyar su ja tsutsar waje.

A cikin tururuwa akwai wata ja da take ɗinke ganyaye ta yi gida a kan bishiya, tana amfani da zaren da 'ya'yanta suke fitarwa. Manoman lemo na kudancin ƙasar Sin sun daɗe da sanin amfaninta. Wani littafi da aka rubuta wajen shekarar 304 ya nuna cewa ana sayar da gidajenta a kasuwa, manoma su saya su rataya a bishiyoyinsu. Wannan shi ne labari mafi daɗewa da aka rubuta na yaƙar ƙwaro da ƙwaro. Afirka ma tana da tata jar tururuwa mai ɗinki, wadda ake gani a bishiyoyin mangwaro da kashu da lemo a kudancin Nijeriya da Gana da Jamhuriyar Benin. Tana da cizo, masu tsinke lemo ba sa sonta. Tana kuma kiwon wasu ƙananan ƙwari masu tsotson ganye don ta sha zaƙin da suke fitarwa. Duk da haka tana korar maɓarnata masu yawa daga bishiyar da take zaune.

Abokan gaba na biyu: ƙananan zanzaro

Kun san zanzaro mai gina ɗakin laka a jikin bango? Yakan kamo tsutsa ko gizo-gizo, ya harbe shi, ya sa a ɗakin, ya saka ƙwai a kai don 'ya'yansa su sami abinci. To, zanzaro yana da ƙananan dangi waɗanda tsawonsu bai wuce milimita 1 ko 2 ba. Ba sa gina ɗaki, ba sa harbin mutum. Su ne manyan abokan gabar mahaƙiya, kuma hanya biyu suke bi.

Wasu, kamar Citrostichus da Cirrospilus da Pnigalio, macen takan bi sawun mahaƙiya a kan ganye har ta gano inda take. Sai ta soka tsinin da take saka ƙwai da shi, ta harbe tsutsar, ta ajiye ƙwai a kanta ko a gefenta. Ɗan zanzaro ya ƙyanƙyashe ya cinye tsutsar daga waje. Wani lokaci macen ba ta ma saka ƙwai, sai ta huda tsutsar ta sha ruwan jikinta, tsutsar ta mutu.

Wani kuma mai suna Ageniaspis citricola dabararsa ta fi ban mamaki. Macen tana saka ƙwanta a cikin ƙwan mahaƙiya ko a jikin tsutsar da ta ƙyanƙyashe yanzu-yanzu. Tsutsar ta ci gaba da ci kamar ba abin da ya same ta. A cikin jikinta kuwa ƙwai guda yana iya rabuwa ya zama 'ya'ya biyu ko fiye. Sai ta naɗe bakin ganye za ta yi kwanci, sannan su kashe ta. Idan kuka buɗe irin wannan naɗi, za ku tarar da su a jere kamar 'ya'yan carbi.

Ku lura da bambancin. Na farko yana tsayar da ɓarna nan da nan. Na biyu yana barin tsutsar ta gama ɓata ganyen, amma yana hana ta zama uwa, saboda haka zuriya mai zuwa takan ragu.

Abin da ya faru a Filorida da Sifen

Idan ƙwaro ya shiga sabuwar ƙasa, yakan bar abokan gabarsa a gida, shi ya sa yake yin yawa. Saboda haka masana sukan koma ƙasarsa ta asali su nemo su. A 1994 aka kai Ageniaspis Filorida daga Ostireliya, wadda ita ma daga Tailan ta samo shi. Filorida wuri ne mai ɗumi da laima, sai ya zauna ya yaɗu. An kai shi gonakin gabashin Sifen, amma sanyin hunturu da bushewar iska suka hana shi zama. Wanda ya yi nasara a can shi ne Citrostichus, wanda aka kawo daga ƙasar Sin a ƙarshen shekarun 1990. Cikin 'yan shekaru ya bazu da kansa, ya zama babban mai kashe mahaƙiya a yankin.

Abin koyi a nan shi ne, kowane ƙwaro da yanayin da yake so. Abin da ya yi aiki a wuri mai laima ba lallai ne ya yi aiki inda iska take bushewa ba. Kuma shigo da ƙwaro daga wata ƙasa aikin hukuma ne da masana, bayan gwaji mai tsawo. A Nijeriya, binciken lemo da sauran 'ya'yan itatuwa yana hannun cibiyar NIHORT da ke Ibadan.

Abin da manomi zai yi

Na farko, ya kula da toho. Taki mai yawa da sassabe a kai a kai suna sa bishiya ta riƙa fitar da sabon ganye ba ƙaƙƙautawa, wato mahaƙiya ta sami abinci duk shekara. Ya zuba takin gargajiya daidai gwargwado, ya cire rassan nan masu tsirowa da sauri daga jikin kututture.

Na biyu, kada ya tsinke ganyen da ya nannaɗe a babbar bishiya. Ganyen yana ci gaba da ciyar da ita, wataƙila kuma akwai ɗan zanzaro a cikinsa.

Na uku, ya bar furanni da 'yan ciyayi a tsakanin layukan bishiyoyi da gefen gona. Manyan zanzaro suna shan ruwan zaƙin fure, yana ƙara musu kwana da yawan ƙwai. Wasu ciyayin kuma suna da nasu mahaƙan ganye waɗanda ba sa taɓa lemo, zanzaro yakan rayu a kansu lokacin da lemo ba shi da toho.

Na huɗu, ya kare ƙananan dashe. A wurin reno ana iya rufe su da raga mai ƙananan idanu. Ana iya daka 'ya'yan dogonyaro, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa a sabon toho da yamma. Akwai kuma wani tataccen mai na feshin itatuwa da ake gauraya kaɗan a ruwa, wanda yake hana uwar saka ƙwai. Ba a fesa shi cikin zafin rana, domin yana ƙona ganye. Dukansu sai toho yana ƙarami suke amfani. Rigakafi ya fi magani.

Na biyar, ya duba dashe da kyau kafin ya saya, kada ya kai wa gonarsa baƙuwar da bai gayyata ba.

Ku gwada da kanku

Ku tsinko sababbin ganyen lemo guda 20 masu zane. Ku ɗaga kowanne sama wajen haske, ku bi hanyar har ƙarshenta mai faɗi. Idan kun ga tsutsa ruwan ɗorawa tana motsi, tana da rai. Idan hanyar ta yage babu kowa a ciki, mai yiwuwa mafarauci ne ya riga ku. Idan kun ga wani ɗan baƙin abu a kwance a cikin hanyar, ko jerin 'ya'yan carbi a naɗin bakin ganye, aikin zanzaro ne. Ku ƙidaya kowane kashi ku rubuta a littafinku. Bayan mako 2 ku sake dubawa, ku kwatanta. Haka manomi mai lura yake yi kafin ya yanke shawarar yin feshi ko barinsa. Idan ya tarar abokan gaba suna aikinsu, sai ya bar kuɗinsa a aljihu, ya bar su su ƙarasa.

Ma'anar wasu kalmomi

Toho: sabon ganye ko reshe da bishiya ta fitar.
Dashe: ƙaramar shuka da aka rena don a kai ta gona.
Aure: haɗa reshen wata bishiya da gindin wata don su zama ɗaya.
Tsumbure: kasa girma yadda ya kamata.
Kwanci: lokacin da tsutsa take daina ci tana sauya siffa.
Laima: damshin da ke cikin iska ko ƙasa.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka kira wannan tsutsa mahaƙiyar ganye?
2. Ku ambaci matakai huɗu na rayuwarta.
3. Don me ƙaramin dashe ya fi babbar bishiya shan wahala?
4. Mene ne bambanci tsakanin aikin Citrostichus da na Ageniaspis?
5. Ku bayyana ma'anar karin maganar nan: garin neman gira an rasa ido. Yaya ta dace da darasin?
6. Ku rubuta wasiƙa mai jimla goma zuwa ga wani manomin lemo, ku ba shi shawara a kan yadda zai kare dashensa.